Ido a tsakiyar kai yake

Jiya da za mu rufe shago ka ce min, "Oga, me ya sa duk fuskar da na zana sai ta fito kamar an danne kan mutumin?" Na zauna na duba takardun da ka bari a kan tebur. Yarona, idanun kake kaiwa sama.

Ɗauki fensir ka auna daga tsakar kai zuwa ƙarshen haɓa, ka raba biyu. A nan idon babban mutum yake zaune. Mai koyo ba ya saurin yarda da haka, domin hankalinsa na kan ido da hanci da baki, sai ya ba su fili ya ƙwari ƙoƙon kai. Mu kuma a nan Jos, yawancin masu kawo hoto da hula suke, mata da ɗankwali. Dubi dattijon nan na Gangare da ka zana: zanna bukar ɗinsa ka ɗora masa a kan gira, babu inda ƙwaƙwalwa za ta zauna. Fara zana kan gaba ɗaya, kamar ƙwai mai tsini a ƙasa, sannan ka sa masa hular.

Daga inda gashi ya fara zuwa haɓa kashi uku ne: zuwa gira, zuwa gindin hanci, zuwa haɓa. Kunne yana tsakanin layin gira da na gindin hanci. Faɗin fuska kamar ido biyar ne, tsakanin idanu biyun kuma ido guda zai shiga.

Za ka ji ana cewa faɗin hanci daidai yake da tazarar da ke tsakanin idanu. Wannan kam ka bi shi a hankali. Mutanenmu da yawa hancinsu ya fi haka faɗi, in ka matse shi don bin ƙa'ida, mai hoton zai ce ba shi ba ne, kuma da gaskiyarsa. Miƙe hannu, rufe ido ɗaya, ka auna na gabanka da fensir da babban yatsa. Yaro ƙarami kuwa goshinsa babba ne, idonsa yana ƙasa da tsakiya.

Gobe kafin mu taɓa allon mai kemis ɗin nan, ka zana min kai goma, ba hula ba gashi, ka fara jan layin tsakiyar kafin ka sa ido.