Shin shafin da za a gina mini a Wix zai zama nawa har abada?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da shinkafa 'yar gida a Argungu, ina kuma tura kaya Legas da Abuja. Wani matashi ya ce zai gina mini shafin intanet a Wix, in biya shi sau ɗaya, shafin ya zama nawa har abada. Hankalina bai kwanta ba, domin ina tsoron in buga adireshin a jikin buhunana, gobe a wayi gari ya ɓace.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Tsoronka yana da hujja. Kamfanonin gina shafi irin su Wix da Squarespace da Shopify ba su da laifi ga mai sana'a irinka: shafi yakan tsaya cikin kwanaki kaɗan, kamfanin ne ke kula da tsaro da gyara, kai ma za ka iya sauya farashin buhu da hannunka. Illarsu kuwa, da dala ake biya, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kuɗin ya ninka a aljihun ɗan Najeriya. Sannan Wix ba ya bari a ɗauke shafi a mayar da shi wani kamfani, saɓanin shafin da aka gina da manhajar WordPress.

Amma maganar "sau ɗaya har abada" ita ce take ci mini tuwo a ƙwarya, domin kullum sai na gamu da wanda ta cuta. Babu wannan tsari, Alhaji. Shafi a irin waɗannan kamfanoni tamkar rumfar haya ce a kasuwa, ranar da haya ta yanke ana rufe ta, ko kuma a Wix a mayar da kai tsarin kyauta a cire adireshinka daga shafin. Shi kansa adireshin haya ne da ake sabuntawa, kuma ko na .com ba a biyansa fiye da shekara 10 a lokaci guda. Abin da masu wannan alkawari suke yi shi ne su ɗora ka a tsarin kyauta, mai adireshin wixsite.com da tallar kamfanin a saman shafinka, ko su biya shekara guda su yi shiru. Ko kyautar ma ba tabbas gare ta: a watan Maris na 2024 Google ya rufe shafukan kyauta da ya bai wa 'yan kasuwa.

Mafi muni, sukan buɗe komai da imel ɗinsu. Idan yaron ya tafi bautar ƙasa ko kuka saɓa, adireshin da ke jikin buhunanka yana hannunsa, kamfanin kuma shi ya sani, ba kai ba. Idan wa'adin ya wuce, wani yana iya saye, ya sanya lambar asusunsa, masu sayen shinkafarka su tura masa kuɗi da sunanka.

Don Allah, kafin ka ba da ko sisi, ka zaunar da shi a gabanka a buɗe asusun da imel ɗinka da lambar wayarka, kai ka riƙe kalmar sirri. Ka sayi adireshin .com.ng da sunanka wajen kamfanin da NiRA, ƙungiyar da ke kula da adireshin .ng, ta amince da shi, da naira ake biya. Ya kuma rubuta maka kuɗin kowace shekara da ranar sabuntawa. Idan ya ƙi, ka nemi wani.