Game da hakin da ya ƙi barin yayanka bayan maganin tarin fuka

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta bayaninka cewa yayanka ya shekara 14 yana aiki a wurin fasa dutse, ya sha maganin tarin fuka na wata 6 har an sallame shi, amma har yau ko bokitin ruwa ya ɗauka sai haki ya kama shi, kana tambaya ko maganin ne bai karɓe shi ba ko kuwa akwai hannu a ciki kamar yadda wasu dangi suke zato. Allah ya ba shi lafiya. Ni ma shekara 11 na yi a bakin injin niƙa dutse a bayan Abuja, kuma abin da ka kwatanta ya yi kama ƙwarai da abin da nake ɗauke da shi.

Nawa ya fara ne da busasshen tari da ɗan haki idan na yi sauri zuwa masallaci. Na yi kusan shekara 2 ina sayen maganin tari a kemis, sai da na faɗa hannun wani likita wanda, kafin ma ya sa abin awo a ƙirjina, ya tambaye ni sana'ata da yawan shekarun da na yi a cikinta. Hoton ƙirji ya nuna ƙananan ɗigo-ɗigo a saman huhuna duka biyu, ya ce sunan ciwon silikosis, kuma ƙurar dutse ce ta kawo shi.

Ga yadda ya fahimtar da ni. Dutsen da muke fasawa a yi tsakuwar gini yana ɗauke da wani sinadari da ake kira silika, daga kashi 20 zuwa 45 cikin 100. Farar ƙurar da ke kwanta mana a gira da gemu yawancinta hanci da maƙogwaro suna tare ta, ta fito da majina. Wadda take kashe mutum ita ce wadda ido ba ya gani, domin tana wucewa can ƙarshen huhu inda iska take shiga jini. Ƙwayoyin garkuwar jiki sai su haɗiye ta don su kawar da ita, amma dutse ba ya narkewa, sai su mutu, wurin ya yi tabo. Duk wanda ya taɓa ganin tabon ƙuna ya san fatar wurin ba ta miƙewa kamar da, to haka huhu yake zama. Galibi sai an shekara 10 ko fiye kafin ciwon ya bayyana, inda ƙurar ta yi yawa kuma shekara 5 ma ta isa, kuma tabon yakan ci gaba da yaɗuwa ko bayan mutum ya bar aikin.

Wannan ne ya sa ban ga alamar cewa maganin tarin fukan bai yi aiki ba, balle batun hannu. Cututtukan biyu tare suke tafiya, domin mai silikosis ya fi sauran mutane haɗarin kamuwa da tarin fuka kusan ninki 3. Ko a Afirka ta Kudu, sulhun da aka yi a 2018 tsakanin kamfanonin haƙar zinare da tsofaffin leburorinsu, na Rand biliyan 5, cututtukan biyu ya haɗa. Magani yana kashe ƙwayar tarin fuka, amma ba ya taɓa tabon ƙura. Saboda haka kada ku bari wani ya sake ɗora shi a kan maganin ba tare da an gwada kakinsa ba, kuma kada ku saki jiki: duk ranar da zazzaɓi ko gumin dare ko rama ko tari da jini ya bayyana, a koma gwajin kaki nan take, kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati.

Akwai abin da har yau yake yi mini ciwo a rai. Idan an tashi aiki, mukan sha madarar gwangwani da yaƙinin cewa tana wanke ƙura, wani lokaci ma shugaban leburori ne yake raba mana. Madara ciki take tafiya, ƙura kuwa tana huhu, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Shekarun da muka yi muna dogaro da ita su ne shekarun da ya kamata a ce an jawo mana bututun ruwa. Har yanzu babu maganin da yake goge wannan tabo, na asibiti ko na gargajiya, don haka ku riƙe kuɗinku daga masu alkawarin wanke huhu. Abin da ya taimake ni shi ne barin ƙurar gaba ɗaya, da daina sigari, da nisantar hayaƙin itace, da zuwa asibiti da wuri duk lokacin da mura ta sauka mini a ƙirji, musamman da hunturu. Na san barin aiki ga mai iyali ba ƙaramin abu ba ne, amma ko sauya masa wuri aka yi a cikin filin, iskar wurin ɗaya ce.

Ka isar wa abokan aikinsa da suke can cewa ruwa ne babbar kariya: a riƙa fesa shi a bakin injin da wurin huda dutse, a jiƙa ƙasa kafin shara. Ƙyalle ko rawani ko takunkumin da aka saba sawa lokacin korona ba sa tare wannan ƙura. Sai takunkumi mai tace ƙura irin N95 wanda ya kama fuska sosai, kuma mai cikar gemu ya sani cewa iska tana bi ta gefe, shi ya sa ruwan ya fi muhimmanci a wajenmu. Su kuma canza kayan aiki kafin su shiga gida, kada yara su shaƙa.

Idan yayanka yana da takardar ɗaukar aiki ko shaidar albashi, ku adana su, domin dokar biyan ma'aikata diyya ta 2010 ta haɗa da cututtukan da aiki ya jawo, kuma hukumar inshorar ma'aikata ta Najeriya, wato NSITF, ce take kula da ita. Ni kullum a hannu ake biyana, ban fito da ko takarda ɗaya ba.

Ku nemi babban asibiti mai sashen ƙirji, ku tafi da tsohon hotonsa da katin maganin da ya gama, ku nemi a yi masa sabon hoto da gwajin ƙarfin numfashi. Kada ku jira likita ya tambaya: tun da farko ku faɗa masa shekara nawa ya yi a dutse, a wane wuri yake tsayawa, kuma ko ana zuba ruwa ko a bushe ake aikin.