Maƙwabtanmu 'yan Latino da lafiyar 'ya'yansu

Yaya, kin tambaye ni ko mutanen da muke zaune da su a Bronx, nan birnin New York, sun san wani magani ban da na asibiti. Sun sani ƙwarai. Yawancin maƙwabtanmu 'yan asalin Jamhuriyar Dominika ne da Fotoriko, sai 'yan Meziko, kuma rainonsu bai yi nisa da namu ba.

Babban ma'auninsu ƙiba. Jariri mai kumatu da cinya lukui-lukui shi ne lafiyayye, uwarsa ta iya raino. Yaro kuwa ya ture kwano, hankalin gida ya tashi ko da yana ta tsalle-tsallensa. Likita ya auna shi ya ce nauyi ya yi yawa, a rage masa lemo mai zaƙi, uwa ta ce to. Tana isa gida kaka ta ɗaga shi ta jijjiga, ta ce so ake ya ƙanjame? Maganar kaka ke ci, don sau da yawa ita ke riƙe da jikoki iyaye suna wurin aiki. Wannan na damuna, domin ƙiba ta fi yawa a yaransu a kan na Turawa, ciwon sukari kuma yana biye da ita.

Suna tsoron kambun baka. Za ki ga jariri da siririn abin hannu mai ɗan baƙin dutse da aka sassaƙa kamar dunƙulen hannu, azabache suke kiransa. In an yaba yaro sai an haɗa da sa masa albarka, yadda muke cewa tubarkalla. Mura ta zo, a shafa Vicks a ƙirji da tafin ƙafa a sa safa.

Duk da haka ba sa gudun asibiti. Tare muke layin rigakafi da na WIC, shirin gwamnati mai ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 madara da abinci. Asma ta addabi yaran kudancin Bronx, inda manyan motocin kasuwar Hunts Point ke wucewa dare da rana, kuma uwayen nan sun haddace lokacin kowane maganin shaƙa.

Inda ake samun matsala shi ne garin magani na gida. Litargirio da 'yan Dominika ke shafawa a jiki, da greta da azarcon da 'yan Meziko ke ba yaro in cikinsa ya ƙulle, duk an sami dalma a cikinsu. Jihar New York ta wajabta gwada jinin kowane yaro a shekara 1 da 2 don a duba dalma. Mu ma abin ya shafe mu: a 2011 an sami dalma a jinin wani jariri ɗan iyayen Najeriya a Boston, aka bi diddigi aka tarar tozalin da ake sa masa ne. Kin tuna abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010. Don Allah, Yaya, in za ki haɗo wa jaririyar kaya, ki bar tozalin.