Biyan kuɗin magani alhali mutum yana da inshorar lafiya

Malam, ka tambaya ko daidai ne asibiti ya karɓi kuɗin magani a hannunka alhali kana cikin shirin inshorar lafiya na ma'aikatan gwamnatin tarayya, wanda hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, ke kula da shi. E, daidai ne, amma ba duka kuɗin ba. Ƙa'idar shirin ita ce mai rajista ya biya kashi 10 cikin ɗari na farashin maganin da likita ya rubuta, inshora kuma ta ɗauki ragowar, saboda haka idan maganin na naira 5,000 ne, naira 500 kawai ya kamata ka bayar.

Sharaɗin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne sai maganin yana cikin jerin da hukumar ta amince da shi, kuma jerin yana tafiya ne da ainihin sunan magani, ba sunan kamfanin da ya yi shi ba. Bara da na kai 'yata mai fama da asma, mai ba da magani ya duba takardar ya ce maganin ba ya cikin jerin, na fita kemis na saya da cikakken kuɗi. Daga baya wata ma'aikaciyar jinya ta shaida mini cewa da na koma wurin likita, da ya sauya mini da irinsa da ke cikin jerin. Idan an caje ka fiye da kashi 10, ka karɓi rasit ka kai wa jami'in inshora na asibitin.