Baƙon Sauro a Afirka: Me Ya Sa Ake Binciken Ƙwayoyin Gadonsa?

Tambaya: Na ji an gano wani baƙon sauro a Jihar Gombe, kuma masana suna binciken ƙwayoyin gadonsa. Tun da an san yana yaɗa zazzaɓi, me zai hana a shiga feshi kawai?

Amsa: Sauron da kake nufi shi ne Anopheles stephensi, wanda asalinsa daga kudancin Asiya da yankin Larabawa yake. An fara ganinsa a Afirka a Jibuti cikin 2012, sannan a Habasha cikin 2016, kafin ya ɓulla a Gombe cikin 2020. Abin da ya tayar da hankalin masana shi ne ya iya zaman birni, domin yana zuba ƙwai a tankunan ruwa da durom-durom da rijiyoyin da ake ginawa a wuraren aikin gini, saboda haka rani ba ya kawar da shi. A Jibuti, inda masu zazzaɓin cizon sauro ba su wuce 27 ba a 2012, adadin ya haura 70,000 a 2020.

Amfanin binciken gado kuwa shi ne yana nuna hanyar da sauron ya bi. Idan ƴan tsiraru ne suka shigo sau ɗaya, jikokinsu za su yi kama da juna ƙwarai, kamar zuriyar gida guda. Idan kuma aka tarar da bambanci mai yawa a tsakaninsu, alama ce ta cewa sun daɗe a wurin ko kuma sun shigo sau da dama, wanda ke nufin ƙofar shigarsu tana nan a buɗe. Samfurin farko da aka auna a Habasha ya fi kusanci da na Pakistan, ana kuma zargin cewa jiragen ruwa na dakon kaya ne suka kawo sauron Afirka.

Batun feshi shi ne ya fi damuna. Sauron da aka gwada a gabashin Habasha ya nuna juriya ga yawancin magungunan da ake fesawa a ɗakuna ko ake sanyawa a gidan sauro, kuma wannan juriya gadonta ake yi. Yawan bambancin gado yana ƙara yiwuwar a samu waɗanda magani ba zai kashe ba, su ne kuma za su hayayyafa bayan an yi feshin. Don haka wajibi ne a auna sauron kowane yanki kafin a zaɓi magani, a kuma mayar da hankali kan rufe ma'ajin ruwa da kashe tsutsotsinsa tun ba su yi fiffike ba.