Zaɓen Halittun da Ke Share Tankin Murjani: Amsoshin Tambayoyin Masu Kiwo

Tambaya: Na haɗa tankin ruwan gishiri mai cin lita 200 wata biyu da suka wuce, yanzu kuma wani abu ruwan ƙasa mai kama da ƙura ya rufe gilashin da yashin. Mai sayar da kayan ya ce in zuba dodon koɗi hamsin, wato ɗaya ga kowace lita huɗu. Shin in saya?

Amsa: Malam, kada ka sayi wannan adadi. Abin da kake gani wata ƙaramar gansakuka ce da ake kira dayatom, wadda ke rayuwa da sinadarin silika da sabon yashi da duwatsu ke saki, kuma takan ja baya da kanta cikin 'yan makonni idan silikar ta ƙare. Lissafin dodon koɗi ɗaya ga kowane galan tsohon lissafi ne da ya fi amfanar mai sayarwa, domin ba yawan ruwa ne ke ciyar da waɗannan halittu ba, abincin da ke kan dutse da gilashi ne. Idan ka zuba hamsin, za su cinye komai cikin ɗan lokaci, sannan yunwa ta riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya a bayan duwatsu inda ba ka gani, mushensu ya ruɓe ya zama takin da zai tayar da sabuwar gansakuka. Wannan daidai yake da tara garke fiye da ƙarfin makiyaya. Ka fara da takwas zuwa goma, bayan ka auna ruwan ka tabbatar babu amoniya babu naitirait, wato sinadarai masu guba da ke fitowa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci, sannan ka ƙara idan bayan wata guda aikin ya fi ƙarfinsu.

Game da iri kuwa, ni Trochus nake fifitawa, saboda yana jure ɗumin ruwa, yana goge gilashi da dutse, kuma idan ya faɗo ya kife yana iya juyawa da kansa. Astraea ma yana aiki, amma idan ya faɗi rigingine a kan yashi ba ya iya tashi, sai ka sa hannu ka juya shi, in ba haka ba kaguwa ta cinye shi. Ka haɗa da 'yan Cerith, waɗanda ke shiga cikin yashi da lungunan da manya ba sa kaiwa. Wanda ake sayarwa da sunan Margarita kuwa ka ƙyale shi, domin daga ruwan sanyi ake kamo shi, ba ya daɗewa a tankin da zafinsa ya kai digiri 25 ko 26.

Tambaya: Koriyar gansakuka mai kama da gashi ta mamaye mini duwatsu har tana shaƙe murjani. Wace halitta ce za ta cinye ta?

Amsa: Akwai masu cin ta, amma kowanne da sharaɗinsa. Babban dodon koɗi na Turbo, wanda ake kawowa daga gaɓar tekun Meziko, yana cin ta sosai, sai dai ƙarfinsa kan ture ƙananan murjanin da ba a manne su da kyau ba, kuma zafi mai yawa yana gajarta masa kwana, abin da ya kamata mai kiwo a ƙasa mai zafi ya yi la'akari da shi. Bushiyar teku, musamman ƙaramar nan ta Mespilia, ta fi kowa ƙwazo. Ƙarfin aikin danginta ya bayyana a tekun Karibiyan a shekarar 1983 zuwa 1984, lokacin da wata cuta ta kashe fiye da kashi casa'in cikin ɗari na bushiyar Diadema mai dogayen ƙayoyi, gansakuka kuwa ta lulluɓe murjani a wurare irin su Jamaika. Illar Mespilia a tanki ita ce tana kankare har da jar gansakuka mai tauri da masu kiwo ke so ta ƙawata dutse, kuma takan ɗauki duk abin da ta samu ta ɗora a bayanta ta yi yawo da shi. Guda ɗaya ta isa tankin lita 200.

Duk da haka, yawancin waɗannan halittu ba sa son gansakukar da ta yi tsawo, don haka sai ka fara tuge ta da hannu, su kuma su bi sauran. Sannan ka nemi abin da ke ciyar da ita, wato naitiret da fosfet, waɗanda ke fitowa daga abincin kifi da ya yi yawa ko daga ruwan da kake jiƙa gishiri da shi. Ruwan famfo ko na rijiyar burtsatse bai dace da wannan kiwo ba sai an bi da shi ta injin tacewa na RO, wanda ke cire sinadaran da suka narke a ruwa.

Tambaya: Kullum ina tarar da katantanwa babu komai a ciki, kuma na ga kaguwa sanye da ɗaya daga cikinsu.

Amsa: Wannan kaguwa ce mai aron gida, wadda ba ta da kwanson da zai kare mata ciki, don haka duk lokacin da ta girma sai ta nemi katantanwar da ta fi tata girma, idan kuma ba ta samu wadda babu kowa ba sai ta kashe mai ita. Mai shuɗin ƙafa ta fi mai jan jiki yawan yin haka. Ka zuba katantanwa marasa kowa masu girma daban-daban, ka kuma rage yawan kaguwar. Idan abin da kake so shi ne a tsince ragowar abinci, dodon koɗin Nassarius ya wadatar: yana kwance a cikin yashi, da ya ji ƙanshin abinci sai ya fito. Amma ba ya cin gansakuka ko kaɗan, saboda haka a tankin da kifinsa kaɗan ne sai an riƙa jefa masa ɗan naman kifi.

Tambaya: Na sa jatan lande biyu da yamma, kafin safiya sun mutu, alhali kifayena lafiyarsu ƙalau.

Amsa: Hajiya, abu biyu nake zargi. Na farko shi ne bambancin gishiri tsakanin ruwan ledar da aka kawo su a ciki da ruwan tankinki, domin halittu marasa ƙashin baya ba sa jure sauyin gaggawa kamar yadda kifi ke yi. Nauyin ruwan tankin murjani, wanda da shi ake gane yawan gishirinsa, ya kamata ya tsaya tsakanin 1.025 da 1.026, kuma a riƙa ɗiga shi kaɗan-kaɗan cikin mazubin sababbin halittu na kimanin awa ɗaya kafin a sake su. Na biyu shi ne sinadarin jan ƙarfe da ke cikin wasu magungunan kifi, wanda ke kashe jatan lande da dodon koɗi ko da ɗan kaɗan ne, yana kuma maƙalewa a dutse da yashi ya riƙa fitowa daga baya. Idan an taɓa zuba irin wannan magani a tankin, ki auna ruwan kafin ki sake saye.

Idan za ki sake sayen jatan landen Lysmata mai jan zane don ya cinye miki ƙwaron Aiptasia da ke harbin murjani, ki duba bayansa da kyau. Akwai wani mai kama da shi, mai tozo irin na raƙumi, wanda shi kuma yake cin murjanin.

Tambaya: Tauraron teku mai tonon yashi fa?

Amsa: Ban ba da shawararsa ga ƙaramin tanki ba. Yana cinye ƙananan halittun da ke raya yashin ne, idan sun ƙare kuma sai ya rame ya mutu cikin watanni. Dodon koɗin Strombus guda ɗaya zai juya maka saman yashin ba tare da wannan ɓarna ba, muddin akwai filin yashi da duwatsu ba su rufe ba.