Daga Bronx Zuwa Houston: Ina Harajin New York Ya Kwana?

Tambaya: Ina sayar da shadda da atamfa da turare a Bronx, cikin birnin New York. Na rufe shagon ƙarshen watan Yuni na koma Houston a jihar Texas, uwargida kuma ta ci gaba da aikinta na asibiti, sai a Satumba ta biyo ni da yara. An ce mini babu harajin kuɗin shiga a Texas. Ke nan mun rabu da New York? Kuma tare za mu cike takarda ko kowa tasa?

Amsa: Alhaji, Allah ya sanya albarka a sabon mazauni. Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, jihar Texas ba ta karɓar haraji a kan abin da mutum ya samu. Amma watannin da kuka yi a Bronx suna nan a rubuce, kuma New York ba ta yafe su ba.

Ta gwamnatin tarayya babu wahala: fom 1040 guda ɗaya na shekara duka, ku biyu a haɗe, ribar shagonka kuma ta shiga takardar Schedule C. Ƙaura ba ta canza komai a nan, kuma kuɗin motar kwashe kayan gida ba a cire shi daga haraji tun 2018, sai ga sojoji, da ma'aikatan leƙen asiri daga 2026.

A New York, fom ɗinku shi ne IT-203, na waɗanda suka zauna wani ɓangare na shekara. Tunda ku duka kun tashi kafin shekara ta ƙare, kuma kun haɗa ta tarayya, to wannan ma a haɗe za ku cike, kowa da adadin watanninsa. Da Hajiya ta ƙarasa shekarar a Bronx, da ƙa'ida ta raba ku: ita IT-201 na masu zama shekara duka, kai IT-203. Akwai kuma harajin birnin New York kansa, da ake lissafawa a IT-360.1. Mutanenmu sun fi mantawa da wannan.

Kada ka firgita idan ka ga fom ɗin yana neman ribar Houston. Jihar New York tana fara lissafi ne kamar duk kuɗin shekarar nata ne, don ta gane matakin harajinku, sannan ta ɗauki kason da ya faɗa mata. Wato cinikin Texas ba a biya masa haraji kai tsaye, amma yana iya ɗaga abin da za ku biya a kan na Bronx.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne tsakanin Yuli da Satumba. Kai kana ganin ka tashi, amma matarka da 'ya'yanka da gidan haya duk suna Bronx. Masu binciken harajin New York kan duba inda iyalin mutum suke, inda kasuwancinsa yake, da inda ya fi kwana, kuma wanda ya ce ya ƙaura shi ke kawo hujja. Idan hujjar ta yi rauni, za su ce ranar tashin Hajiya ita ce taka, ribar waɗannan watanni ta koma hannunsu. Don haka ka adana yarjejeniyar hayar Houston, lasin tuƙin Texas, rasit ɗin motar kaya, da takardar sakin shago. Ko tikitin jirgi na zuwa duba iyali kada ka yar.

Sai bashi, ciwon kowane ɗan kasuwa. Shaddar da ka bayar a Bronx a watan Mayu, aka turo maka kuɗinta a Oktoba kana Houston, kuɗin New York ne. Ka raba littafin cinikinka biyu daga ranar da ka rufe shago, kafin ka kai wa akanta. Hajiya kuma ta duba W-2 ɗinta, wato takardar albashin shekara da wurin aiki ke bayarwa, ta ga abin da asibiti ya riga ya cire mata. Sau da yawa a nan rarar da ake maido wa mutum take.

Wa'adi 15 ga Afrilu ne, na tarayya da na jiha. Ana iya neman ƙarin lokacin cike takarda zuwa Oktoba, amma kuɗin dole su shiga a Afrilu. A Houston kuma, in ba ka riga ka yi ba, nemi izinin karɓar harajin ciniki daga ofishin kwanturolan jihar: kashi 8.25 cikin ɗari ne a kan kowane yadi da ka sayar wa mai ɗinki don kansa.